Leda Ɗaya, Marasa Lafiya Biyu

"Ba zan cire ba."

Haka na faɗa, ban ko ɗago kaina daga kwamfutar ba. Injiniya yana tsaye a bayana, hannunsa ɗaya a kan kujerata, turarensa ya cika ɗan lungun da teburina yake. Shi ne shugaban ɓangarenmu a kamfanin da muke rubuta wa ma'aikatu manhaja. Shi ne kuma mutumin da gidanmu kaf suke jiran ranar da zai turo manyansa neman aurena. Ku riƙe waɗannan biyun tare, don ni ma haka nake ɗauke da su wata bakwai ke nan, kuma wallahi wuyana ya gaji.

"Ban ji ba," ya ce a hankali, da irin muryar da yake min a waya.

"Ka ji, Yallaɓai."

Ofishin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki a cikin bokitin da aka ajiye mata tun bara. Anti Mai Gwaji, wadda aikinta shi ne ta nemo kuskure a duk abin da muka rubuta, ta zare abin jin sauti daga kunnenta ɗaya. Ba ta juyo ba, amma na san kunnen nan nawa ne.

Bari in gaya muku abin da ake so in cire, kada ku ce taurin kai ne kawai. Taurin kan ma akwai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Wani babban asibiti muke yi wa manhajar ɗakin ajiyar jini. Idan ma'aikaciyar jinya ta danna maɓalli a shafin don a ware wa mara lafiya ledar jini, abu uku ake rubutawa: a rubuta cewa an ɗauki ledar, a sa lambarta a takardar mara lafiyar, a kuma cire ta daga jerin abin da ke cikin firij. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da ɗan ɓangaren manhaja da yake tsaye a kansa, mu a wurin aiki entiti bin muke ce musu. A tsohon rubutun da na tarar, shafin ne yake kiran kowannensu kai tsaye, kowa ya rubuta nasa ya rufe, bai damu da ɗan'uwansa ba. Idan na farko ya shiga na biyu ya faɗi, shi ke nan, rabin magana ta zauna a rumbun bayanai. Abin da ya fi wannan muni, idan mutum biyu a ɗakuna daban suka danna a lokaci guda, dukansu za su ga ledar tana nan, dukansu za a ba su. Leda ɗaya, marasa lafiya biyu.

Sai na ɗaure su. Na sa wani ɓangare a tsakiya wanda shi kaɗai shafin zai kira, shi kuma ya buɗe abin da muke cewa tiranzakshan, ni dai ƙulli nake ce masa. Cikin ƙullin ake kiran ukun. Ko duka su shiga, ko a warware duka a koma yadda ake. Wadda ta danna ta biyu sai jan rubutu ya fito mata: "An riga an ɗauki wannan ledar, zaɓi wata."

Wannan jan rubutun ne ya jawo min. Ranar Litinin shugaban asibitin ya zo ganin gwaji, ya ga ja ya fito sau biyu, ya yamutsa fuska ya ce shi ba ya son manhaja mai yawan ƙorafi. Alhamis za a miƙa aikin.

"Ki mayar da shi yadda yake, na kwana uku kawai," in ji Injiniya. "Su sa hannu, sai mu gyara a nutse."

"Ranar da suka sa hannu ranar za su kunna. Kai ka faɗa da bakinka."

"Sau nawa mutum biyu za su danna a daƙiƙa ɗaya? A zahiri nake nufi, ba a takarda ba."

Na juya wurin Anti. Na ce, "Anti, don Allah buɗe tsohon." Ta buɗe a kwamfutarta, na buɗe a tawa, muka zaɓi leda ɗaya. Ta ƙirga mana uku muka danna tare. Kore a nata, kore a nawa, kowanne da ɗan rubutunsa mai fara'a wai an yi nasara.

"To ga shi nan," Anti ta ce tana mayar da abin kunnenta. "Sai a raba musu, kowa rabin leda, a ba su haƙuri."

Wani ya tuntsire da dariya a can baya, ya mayar da ita tari. Injiniya ya ɗauke hannunsa daga kujerata ya shige ofishinsa na gilashi, ya saki labule.

Yanzu ga nawa laifin, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Sati uku da suka wuce, a taron safe, gaban mutum tara, na ce duk wanda ya rubuta tsohon nan bai san aikinsa ba, kamata ya yi a karɓe kwamfutarsa a ba shi tsintsiya. Aka yi shiru irin wanda ban gane ba. Sai da na koma teburina na hau can saman fayil ɗin na ga haruffan sunan wanda ya rubuta, shekara huɗu baya. Nasa ne. Bai taɓa tayar min da maganar ba. A ranar ma da yamma ya zo gidanmu da ledar lemo da ayaba, ya zauna ya yi hira da Umma har tana share hawayen dariya. Ni ce dai na san tun daga ranar bai sake ce min "'yar gari" ba, sunan da yake tsokanata da shi.

Ina cikin motar haya saƙonsa na farko ya shigo.

"Kin ci abinci kuwa yau?"

Bayan minti biyu:

"Ban ji daɗin abin da kika yi min a gaban yara ba."

Sai kuma:

"Ki yi tunani zuwa safe. Ba maganar aiki kaɗai ba ce."

Na kife wayar a cinyata. Takalmin da na sa ranar sabo ne, mai ɗan tsini, shi ya taɓa cewa irinsu suna min kyau, ya ɗaye min fatar dunduniya tun safe. Na zare shi a motar na taka ƙasa da safa. Matar da ke kusa da ni ta kalle ni, na kalle ta, ta mayar da idonta taga.

Tun daga ƙofar gida na ga takalman Gwaggo, masu ruwan zinare, a jere kamar an auna. Na tsaya na ja numfashi. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tun da ya rasu ta ɗauki kanta ita ce uban gidan. Ita ta haɗa ni da Injiniya, don ƙawar mahaifiyarsa ce, ita kuma ta yi masa magana ya ɗauke ni aiki, abin da ba ta taɓa barina na manta ba.

Suna falo. Sabon labulen nan ruwan madara da Umma ta sa aka ɗinka saboda zuwansa yana kaɗawa a iskar fanka. Kofunan baƙi ne a kan tire, masu bakin zinare, waɗanda mu ba a ba mu shayi a ciki.

"Ga farfesa ta dawo," in ji Gwaggo. "Zo nan, uwata. Zauna a inda zan ga idonki."

Na gaishe su na zauna a ƙasa, na cire mayafina na ninke a cinya.

"Mahaifiyarsa ta kira ni. Yaron nan ya koma gida ko ruwa bai sha ba. Me kika yi masa?"

"Aiki ne, Gwaggo."

"Aiki! Wa ya ba ki aikin?"

"Shi ya buɗe min ƙofa. Jarrabawar shiga ni na rubuta, kuma ni na zo ta ɗaya."

"Kin ji ko?" Gwaggo ta juya wurin Umma tana tafa hannu. "Kin ji bakin? Da wannan bakin za ta zauna gidan miji?"

Umma ba ta ɗaga murya, ba ta taɓa yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ta ajiye kofinta ta ce, "Auta, mene ne abin da ya ce ki cire ɗin? Gaya min yadda zan gane."

Na gyara zama. Na ce, "Umma, ki ɗauka kina da bargo ɗaya na baƙi. Gwaggo ta aiko tana so, kika ce to. Maƙwabciya ta aiko tana so, Yaya ta ce to, ba ta san kin riga kin bayar ba. Kowa ya kwanta da sanin yana da bargo. Ni abin da na yi shi ne na sa duk mai so ya bi ta hannu ɗaya, na biyu a gaya masa gaskiya tun da wuri ya nemi wani. Sai dai wannan ba bargo ba ne, jini ne. Na biyun yana kan gadon tiyata za a gane."

Umma ta dube ni. Na ga ta gane, wallahi na gani a idonta. Sai ta ce, "To shi bai san haka ba ne? Ai ya girme ki a aikin."

"Ya sani."

"To in ya sani ya ce ki yi, ai alhakin yana wuyansa."

"Sunana ne a kai, Umma. Da hannuna za a cire."

"Suna!" Gwaggo ta ce. "Shekara ashirin da takwas, sa'o'inki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina gadin suna a cikin kwamfuta. Samari nawa kika kora? Na farko kin ce ba ya karatu. Na biyu kin ce yana katse ki in kina magana. Wannan ga ilimi, ga hankali, ga mutunci, shi kuma jan rubutu zai raba ku? Ni dai na gaya miki, in wannan ya kuɓuce, kada a sake kirana."

Na so in ce ba a taɓa kiranta ba, ita take zuwa. Na haɗiye. Irin wannan haɗiyar na ƙware a kanta, har ta yi min wuri a ƙirji.

Bayan magariba Yaya ta shigo ɗakinmu, ko farar rigarta ta aiki ba ta cire ba. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, ba wanda muke yi wa aikin ba. Ta zube a kan gadona ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan filona, ta san na tsani haka.

"Na ji labarinki tun daga tsakar gida," ta ce. "Jan rubutu ko?"

"Ke ma faɗan za ki yi?"

"Ina na ga ƙarfin faɗa." Ta rufe ido. "Akwai ranar da takarda ta ce min akwai leda biyu. Na tafi a guje, na buɗe firij, babu ko ɗaya. Matar tana ta zubar da jini, mijinta yana riƙe da rigata. Mun samo daga baya, da ƙyar. Da a ce tun farko wani abu ya yi min ja ya ce babu, da minti ashirin ɗin nan ban ɓata su ba. In na ga jan rubutunki sai na sumbace shi."

Tun safe ba wanda ya tsaya a gefena sai Anti, ita ma da kunne ɗaya.

"Amma," Yaya ta ce, idonta a rufe, "Umma ta riga ta gaya wa kowa. Har mai kanti ta gaya wa. Ki san da wannan."

"Kina sonsa ma kuwa?" ta ƙara.

Ga tambayar da nake gudu. Ina sonsa, jama'a. Da ba na sonsa da abin ya zo da sauƙi. Shi ne namiji na farko da na yi wa bayanin aikina bai ce "to, Allah ya taimaka" ya sauya hira ba. Mun taɓa yin awa biyu a falon nan muna musu a kan yadda ya kamata a tsara rumbun bayanai, Umma tana leƙowa tana murmushi ta ɗauka hirar soyayya ce. Kuma ita ce ɗin. Ban san wata irin ba.

Da safe na sa doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, na koma tsohon takalmina mara tsini. Ko hoda ban shafa ba. Ina ajiye jaka ya leƙo ya yafito ni.

Ofishinsa a gyare kamar kullum, biro uku a jere, hoton mahaifiyarsa a gefen kwamfuta. Idonsa ya yi ja. Ya turo min kofin shayi, ya sa madara yadda nake so, kuma wannan ya kusa karya ni fiye da duk faɗan Gwaggo.

"Na samo mana mafita," ya ce. "Ba sai kin taɓa komai ba. Ni zan cire da hannuna. Ke dai ki sa hannu a takardar miƙa aiki cewa ɓangarenki ya kammala."

"Ya kammala da ƙullin. In babu shi, bai kammala ba."

"Kin san mutum nawa ne a ɓangaren nan? In mutumin nan ya ƙi karɓar aikin, kin san me zai same su?"

"To mu je mu yi masa bayani. Ni zan yi. A ba ni minti biyar da kwamfuta biyu, in nuna masa abin da muka nuna maka jiya. Likita ne, zai gane."

"Ki nuna masa cewa abin da na rubuta shara ne."

Ga ta nan, ta fito. Sati uku tana kwance.

Na ce, "Maganar tsintsiya ban kyauta ba. Ko ba kai ba ne bai kamata in faɗa ba. Ka yafe min, da gaske nake. Shekara huɗu baya ni ko buɗe fayil ɗin ban iya ba. Amma haƙurin da nake ba ka na bakina ne, ba na ƙullin ba."

Ya ce, "Matar da ba za ta ji maganata a kan layi goma na rubutu ba, a gida me za ta ji?"

"A gida in ka ce in rage gishiri zan rage. In ka ce labulen bai yi ba zan sauya. Wannan jinin mutane ne, ba nawa ba ne balle in ba ka kyauta."

Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur. Ashe tun kafin in zo an buga ta. An cire ni daga aikin asibitin, in tafi hutu har sai an neme ni. Ya ce in ajiye katin shiga a wurin mai gadi.

"Ka cire sunana daga saman fayil ɗin," na ce.

"Za a duba."

Ban sha shayin ba. Na kwashe kofina, da ɗan bargon da nake rufe ƙafa saboda sanyin na'ura, da cajar wayata, na zuba a leda. Kowa ya dage da kallon kwamfutarsa kamar yau aka kawo ta. Anti ce kaɗai ta tashi ta raka ni har bakin matakala, ta gyara min mayafi ta ce, "Ke dai kin cika baki, 'yar nan. Amma ban taɓa samun kuskure a aikinki ba, abin har haushi yake ba ni."

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe na shiga gida, lokacin da ban taɓa dawowa ba. Umma tana kan kujera tana sauke sabon labulen, ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Ba sai na tambaya ba. Mahaifiyarsa ta kira Gwaggo, Gwaggo ta kira ta: maganar zuwan manya a dakata tukuna. Na ce, "Umma, kawo in taya ki." Ta ninke labulen da kanta ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da la'asar ina kwance ina kallon fanka saƙon Anti ya shigo.

"Ya cire. Komai kore, har shugaban kamfani ya yaba."

Sai na biyu:

"Gobe ƙarfe goma za a kunna a asibitin. Sunanki yana nan a sama, bai taɓa ba."

Sai na uku, ba gaisuwa ba bayani, lambar waya ce kawai, a ƙasanta ta rubuta: "Shugabar ɗakin jinin. Ba ni na ba ki ba."

Na tashi zaune. Na san abin da kiran nan yake nufi. Ma'aikacin da ya tsallake kamfaninsa ya kai magana wurin waɗanda suka ba su aikin, labarinsa yana riga shi isa duk inda zai nemi aiki. Hutun da aka ba ni zai zama kora. Dakatawar da suka ce za ta zama fasawa, kuma a wannan karon ba wanda zai ce laifinsa ne. Na gaji, jama'a. Na so a ce wani ne yake riƙe da lambar nan, ni in juya in yi barci.

Na danna.

Wayar tana ta ƙara a kunnena, ina jin motsin Umma a ɗakinta tana tura akwatin da ta sa labulen ƙarƙashin gado. Jiya da safe ina da teburi, ina da wanda yake tambayata ko na ci abinci, ina da uwar da take kallon fuskata in na shigo. Yau ba ko ɗaya, kuma in aka ɗauki wayar nan ba mai dawowa cikinsu da sauƙi. Na sani sarai.

Ban katse ba.